Madarar Hanifa ta kusa ƙarewa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah taimako nake nema. Madarar Hanifa gwangwani biyu suka rage, wanda yake kawo mana daga Ingila kuma ya ce ba zai shigo ba sai bayan sallah. Akwai wanda ya san kantin magani a nan Legas da ke kawo madarar masu ciwon PKU? Ko Ikeja ne ko Lekki zan je. Sannan ranar Juma'a za a yi walimar ƙarshen zango a makarantarsu, an ce shinkafa da kaza da kek za a raba. Me zan zuba mata a kula don kada ta zauna tana kallon bakin mutane?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Madara kuma? Ba shekararta shida ba? Ki saya mata ta gwangwani mana, ga ta nan cike da kasuwar Agege.

Maman Hanifa: Anti, sunan ne kawai madara. Ta kasuwa ai ita ce ma babbar abokiyar gabarta.

Sista Hadiza: Anti Rabi sabuwa ce a zauren, bari in yi mata a taƙaice. A cikin furotin akwai wani sinadari, fenilalanin. Ni da ke in mun ci nama hantarmu na juya shi ya zama wani abu mai amfani. Hantar mai PKU ba ta iya wannan aikin, sai ya taru a jini ya hau ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba wake, ba gyaɗa, ba awara. To amma yaro ba ya girma sai da furotin, don haka ake haɗa musu wani gari da aka cire wancan sinadarin daga ciki. Shi take kira madara. Maman Hanifa, ba na jin za ki tarar da shi a ajiye a kan kanta, sai dai a yi miki oda. Ki ɗauki hoton gwangwanin gaba da baya ki kai manyan kantunan magani na Ikeja, ki ce su haɗa ki da mai kula da odar waje, kada ki tsaya wurin yaran kanta.

Anti Rabi: Ikon Allah. Ba ƙosai ba alale? To me yarinyar take ci?

Baban Yusuf: Dodo, wato soyayyar ayaba. A Legas ne na fara jin yaro na kuka a ba shi dodo, mu a Funtuwa da shi ake tsorata mu.

Maman Hanifa: Ai kuwa dodon ne ya riƙe mu, shi da teba da tuwon alabo. Gram 7 na furotin likitar abinci ta yanka mata a yini, ban da na madarar. Ƙwai guda ɗaya ya kai gram 6, ku lissafa. Shinkafa ma sai na ɗora a sikeli. Gaskiya ma tun makon jiya na fara rage mata cokali ɗaya a kowane haɗi don gwangwanin ya ja.

Sista Hadiza: A'a, don Allah kada ki yi haka ba da sanin likitarta ba. In furotin bai ishi jiki ba sai ya koma cin naman kansa, fenilalanin ɗin da kike gudu ya fito daga cikin jikin nata. Irin abin da ke faruwa ke nan in tana zazzaɓi ta ƙi cin abinci. Nawa gwajin fenilalanin na jininta na ƙarshe ya nuna?

Maman Hanifa: 520.

Sista Hadiza: Ya hau. A shekarunta tsakanin 120 da 360 ake so. Ki tura wa likitar saƙo yau.

Maman Hanifa: Na sani Sista. Tun da sakamakon ya zo ban yi barcin kirki ba. Ji nake kamar ni aka yi wa jarrabawa na faɗi.

Maman Abba: Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma wannan kalmar taki ta ƙarshe ta taɓa ni, don haka ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Ke dai ki gode wa Allah da aka haifi Hanifa a inda ake tsaga dunduniyar jariri a kwana na biyar a ɗiga jini a takarda. Abba a nan na haife shi, a wani asibitin kuɗi, aka auna nauyinsa aka ce lafiya lau, muka koma gida aka yi suna aka yanka rago. Kuma wallahi lafiya lau ɗin yake a ido. Sai da ya kai wata bakwai na lura bai zama, bai bin fuskata da ido yadda yayarsa ta yi. Ga wani wari a jikinsa da fitsarinsa, kamar ɗakin da ɓeraye suka yi gida. Sau uku nake masa wanka, na canza sabulu ya fi a ƙirga. Uwar mijina ta ce ƙazantata ce. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta fi ta kowa haske a gidan, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi. Da na kai shi wani asibiti likitan ko minti biyar bai yi da mu ba, ya kalli gashin ya ce tamowa ce, in dage da ƙwai da madara da waken suya. Jama'a, shekara guda cur ina ɗura wa ɗana abin da ke cin ƙwaƙwalwarsa, da hannuna, ina murna in ya shanye kofin.

Da jijjiga ta fara sai magana ta koma iska. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an kai shi gida Zariya wata uku. Ban raina addu'a ba, har gobe ina tofa masa, amma an karɓi kuɗinmu a inda bai kamata ba. Yana da shekara uku da wata biyu wata likitar ƙwaƙwalwar yara ta saurare ni har na gama. Da na zo kan warin sai ta ajiye biro ta ce in maimaita. Aka ɗebi jini aka aika waje, muka jira makonni. Ranar da ta faɗa mana sunan ciwon ta kuma faɗa mana cewa abin da ya riga ya lalace ba zai dawo ba, amma abincin zai hana ƙari.

Yanzu shekararsa tara. Yana tafiya, yana faɗin kalmomi kaɗan, jijjigar ta yi sauƙi sosai. In jininsa ya sauka yakan zauna ya yi wasa da murafen kwalba na tsawon lokaci, ya yi dariya. In ya hau tun kafin sakamako ya zo na sani: ba barci, cizon hannu, buga kai a bango.

Abin da ya sa na yi magana ke nan, ba Abba ba, ni. Bayan an gano ciwon kowa ya ɗauka hankalina zai kwanta. Sai lokacin na rushe. Na daina zuwa biki da suna don ba na iya amsa tambayar "har yanzu bai magana?" Ina gama sallar asuba zan zauna a kan darduma in kasa tashi. Ko ƙamshin soya ƙwai na ji daga maƙwabta sai zuciyata ta tashi. Na bar yayarsa ta zama uwar kanta tana 'yar shekara takwas. Maigidan ya ce rashin tawakkali ne, ni ma na yarda haka ne, na ƙara da jin kunyar Allah a kan kunyar mutane. Wata takwas ina haka. Likitar Abba ce wata rana ta kalle ni ta ce, ke fa, wa yake duba ki? Ta tura ni wurin likitan damuwa. Na sha magani na tsawon lokaci, na yi zama da mai ba da shawara, kuma ban haukace ba, ga ni nan ina sayar da atamfa.

Don haka Maman Hanifa, rashin barcin nan kada ki bar shi ya yi wata. Lambar nan ta jini ba makin tarbiyyarki ba ce. Mura kaɗai tana iya ɗaga ta.

Hajiya Binta: Innalillahi. Allah ya saka miki da aljanna Maman Abba. Na kasa ƙarasa karantawa sai da na goge ido.

Anti Rabi: Amin. Wannan likitan na farko Allah ya isa.

Maman Abba: Na daina yi masa Allah ya isa, Anti. Tamowa yake gani kullum, wannan kuwa wataƙila a littafi kawai ya taɓa karanta shi.

Sista Hadiza: Gaskiya ne, ciwon ba shi da yawa a wajenmu kamar a Turai, inda ake samun kusan ɗaya a cikin jarirai 10,000. Kuma maganar warin nan, ai da ita aka gano ciwon tun farko. A 1934 wata uwa a Nowe mai yara biyu ta dage wa likitoci cewa akwai wani wari a jikin 'ya'yanta, har wani likita mai suna Folling ya gwada fitsarinsu ya gano sinadarin. Gwajin dunduniyar kuma wani Ba'amurke ne, Guthrie, ya fito da shi a farkon shekarun 1960. Mu har yau ba kowane jariri ake yi wa ba.

Malam Sani: Allah ya ba da lafiya. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, auren zumuncin nan da muka riƙe shi ne yake jawo mana irin waɗannan. Tuwona maina, tuwona maina, ga abin da yake haifarwa.

Hajiya Binta: Haba Malam. Mace ta gama zubar da hawayenta a gabanka, abin da za ka ce ke nan? Ni ɗan baffana nake aure shekara 27, 'ya'ya bakwai. Sikilar 'yata Ummi kuma ai da bare ma ana samu.

Malam Sani: Ban kama sunan kowa ba Hajiya.

Maman Hanifa: Ni da Baban Hanifa ba mu haɗa komai ba, shi Bakano ni 'yar Gombe. A makaranta muka haɗu.

Sista Hadiza: Ku duka kuna da gaskiya rabi-rabi. Kamar sikila ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon, su kansu lafiyarsu lau. In haka ta faru, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Zumunci yana ƙara yiwuwar a haɗu da mai irin ƙwayarka, Turkiyya na cikin ƙasashen da ciwon ya fi yawa kuma ana danganta hakan da auren dangi. Amma bare da bare ma suna haɗuwa, ga shaida nan a sama. Abin da ya fi muhimmanci, duk gidan da aka samu ɗaya, jaririn da zai biyo baya a gwada shi a kwanakin farko.

Malam Sani: To ai abin da nake nufi ke nan.

Hajiya Binta: Ba abin da ka faɗa ba ke nan.

Ummu Salma Kayan Mata: Albishirinku iyaye! Akwai haɗin garin zogale da habbatus sauda da zuma mai buɗe ƙwaƙwalwar yara, an gwada an gani. Ana kaiwa ko'ina a Legas. Ku yi min magana ta gefe.

Sista Hadiza: Busasshen zogale furotin ne da shi sosai. Don Allah kada mai PKU ya kusance shi sai an auna.

Shugaban zaure: Na goge tallan. Ummu Salma, wannan na biyu ke nan.

Maman Khalifa: Ni nawa galahanga ce ba PKU ba, amma ina son in tambayi Maman Hanifa, ita yarinyar ya take ɗaukar abin a ranta? Don mu muna ta maganar kanmu.

Maman Hanifa: Wallahi wannan ne ya fi madarar damuna. Da ba ta damu ba, in an miƙo mata abu ita da kanta take cewa sai na tambayi Mama. Tun da ta shiga aji ɗaya ta canza. Ranar nan na tsinci takardar kilishi a ƙasan jakarta, ta rantse ba ita ba ce, alhali ga yaji a haƙorinta. Na daka mata tsawa har muryata ta dishe. Da dare ina gyara mata rufa ta ce, Mama, Allah haushina yake ji ne? Na rasa amsa, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji kukana. Malamarsu ta ce kwanan nan ba ta natsuwa a aji, abu kaɗan ta fashe da kuka. Ban sani ba jinin ne, ko tsawar da nake mata ce.

Sista Hadiza: Zai iya zama duka biyun. In fenilalanin ya yi yawa yana tare ƙofar da wasu sinadarai ke bi su shiga ƙwaƙwalwa, waɗanda da su ake haɗa dofamin da sirotonin, masu riƙe da natsuwa da walwala. Shi ya sa ake ganin saurin fushi, rashin mai da hankali, fargaba. Ko manya da suka saki abincin suna kokawa da wannan, shi ne dalilin da yanzu ake cewa abincin na har abada ne, ba a yaye shi. Musamman 'ya mace, don in ta girma ta ɗauki ciki jininta a sama, jaririn ne zai cutu ko da shi bai gaji ciwon ba.

Maman Hanifa: Sista kin ƙara min wani abin tunanin da dare.

Sista Hadiza: Yi haƙuri, bakin aiki ne. Wannan da saura shekaru.

Maman Khalifa: Shawarata a kan kilishin, ki daina zama 'yar sanda. In ta san faɗar gaskiya tsawa zai jawo, ɓoyewa za ta ƙware a kai, ke kuma ki rasa dalilin hawan jinin. Ki ce mata duk ranar da ta ci wani abu ta zo ta faɗa, ba duka ba faɗa, ku rubuta tare. Ki ba ta sikelin ta riƙa auna shinkafarta da kanta, yara suna son a ba su girma. Kuma in kukan ya ci gaba, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi, can muke zuwa da Khalifa.

Baban Yusuf: Yaba? Yarinya 'yar shekara shida don ta ci kilishi? To ni da na ci na dubu uku jiya sai a ɗaure ni.

Maman Abba: Baban Yusuf, irin wannan barkwancin ne ya sa na yi wata takwas a kan darduma ina tsoron a ce an gan ni a can.

Baban Yusuf: Na tuba Hajiya. Wallahi ban yi nufin haka ba. In biya kaffara: duk mai son alabo mai kyau ko ɗanyen rogo ko ayaba, ina kasuwar Mile 12 kullum, zan sa yaro ya kawo Agege, kuɗin mota kawai.

Maman Abba: Na karɓi kaffara. A haɗa da kuɓewa.

Anti Rabi: Ni fa har yanzu miyar nake tunani. Ba nama, to daddawa fa?

Maman Abba: Daddawa ƙwayar ɗorawa ce ko waken suya, furotin ce. Agushi ma haka, da garin kirefish ɗin nan da Yarabawa ke zubawa a komai. Shi ya sa abincin waje yake da wuya a garin nan, miyar da kika ga kamar ganye ce zalla an daka kifi a ciki. Ni tukunyar Abba daban take, manja, albasa, tattasai, tumatir, kuɓewa ko yalo. Ku kuma lura da lemon kwalba da cingam da aka rubuta ba sukari, yawanci da aspartame aka zaƙaƙa su, shi kuma fenilalanin ne a cikinsa. Ku juya bayan kwalbar ku karanta. Ni zoɓo nake masa da sukari na gaskiya.

Maman Khalifa: Akwai abacha ma na Inyamurai, rogo ne zalla in an bar kifin da ugba.

Malam Sani: Allah ya jiƙan Janar, yau ga shi a cikin kula.

Hajiya Binta: Kai Malam, yau dai bakinka ba ya hutawa.

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Matar gidan ce ta miƙo min wayar ta ce in karanta. Na karanta. Ni ma ina da laifi, don ni ke cin tsire a mota in goge baki kafin in shigo, ina ganin na yi dabara, ashe yarinya tana jin ƙamshin. Kuma ban san ba ta barci ba. Tambayata, na ji ana maganar wata ƙwaya Kuvan, tana maye gurbin madarar ne?

Sista Hadiza: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba kowa take yi wa aiki ba, sai wanda hantarsa ke da ragowar ƙarfi, kuma sai an gwada an ga ko jinin ya sauka. Ko waɗanda ta karɓa yawanci sassauci suke samu a abinci, ba 'yanci ba. Ga tsada. Ku tambayi likitar da ta san irin na Hanifa. Amma in kana neman abin yi daga yau, ka karɓi haɗin madarar dare da rubuta lissafin abinci kwana biyu a mako, ta samu ta kwanta da wuri.

Baban Hanifa: In sha Allah.

Hajiya Binta: Mun shaida. Zaure gaba ɗaya ya shaida, Alhaji.

Maman Abba: Maman Hanifa, wace iri ce madarar taku? Turo hoto ta gefe. Ina da gwangwani ɗaya da ban fasa ba, in iri ɗaya ce ki karɓa ki mayar min in taku ta iso. In ba iri ɗaya ba ce kada ki ba ta sai likitar ta ce to. Ƙanwar maigidan kuma za ta taso daga Manchesta ƙarshen wata, amma kayanta sun yi yawa, sai na lallaɓa ta.

Maman Hanifa: Allah ya biya ki Yaya. Yanzu zan turo. Jama'a kek ɗin Juma'a fa? Babu wanda ya ce komai.

Anti Rabi: Kek ba ƙwai ba fulawa ba madara, ai sai dai a kira shi wani suna.

Maman Abba: Ana yi. Sitacin rogo ko na masara, ayaba nunanniya a dama ta a madadin ƙwai, mai, sukari, bakin hoda. Yana ɗan yin danƙo, kuma in ya kwana ya zama dutse, don haka da asubar Juma'ar za ki gasa. Ki yi shi a ƙananan kofuna na takarda, ki yi da yawa ta raba wa ƙawayenta, sai ya zama ita ce mai rabo.

Maman Khalifa: Ni ma a turo min awon.

Baban Yusuf: Sitacin mudu nawa zan sa a kawo? Motar Agege ƙarfe huɗu take tashi.